Littafin sharar gidanmu da ta rumfar abinci, Sabon Gari, Damagaram

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Akuyata ce ta sa na buɗe wannan littafi. Ja ce mai farin goshi, ta yi mini haihuwa uku. Tun cikin azumi ta fara ramewa, ga dusa ga harawa amma sai ta sunsuna ta kau da kai, ciki kuma ya kumbura ya yi tauri. Shekaranjiya da ta kasa miƙewa, maigida ya kira mahauci aka yanka ta kada ta mutu mushe. Ina tsaye ya farke tumbin. Abin da ya zaro wani dunƙule ne baƙi ƙirin, ya kai kan jariri girma, leda ce ta cuɗe da igiya da tsumma har wuƙa ba ta shigarsa da daɗi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Hajiya, ai wannan kullum muna ganinsa a mayanka."

Ledar nan ba daga nesa ta zo ba. Ina sayar da shinkafa da wake da rana, tuwo da dare, a rumfar ƙofar gida. Mutum ɗaya yakan tafi da leda uku: ta shinkafa, ta mai da yaji, da wadda zai riƙo su a ciki. Wanda ya ci a nan bakin rumfa ya yar, iska ta kai ta garke, kuma ledar da ta sha mai da gishiri dabba ba ta barin ta. Da hannuna na ciyar da akuyar nan abin da ya kashe ta.

Zan riƙa rubuta abin da na yi da sharar gidan nan da ta rumfa, da abin da na kashe, har zuwa damina. Ga masu karatu daga ƙetaren iyaka: dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kwana uku na hana a kwashe shara. Na sa yara suna zube ta kan tsohuwar tabarma muna tsincewa. Mu 13 ne a gidan, ga rumfa. Abin da ya ba ni mamaki, fiye da rabin nauyin da muke biyan mai amalanke ya kai juji ƙasa ce da toka, wato sharar tsakar gida da ta murhu. Sai ɓawon albasa, ƙaiƙayin wake, ƙanzo, ganyen dogon yaro da kashin awaki. Ledar da ta fi komai cika ido ba ta da nauyi ko kaɗan. Mai amalanke yana zuwa sau biyu a mako, dala 50 kowane zuwa, jika 2 ke nan a wata, kuma akasari ƙasar gidana nake biya a ɗauke.

Na yanke bakin tsofaffin jarkoki huɗu da suka fashe. Ɗaya ta abin da ke ruɓewa, ɗaya ta leda, ɗaya ta gwangwani da robobi, ɗaya ta toka. Ƙasar shara kuwa daga yau a rariya za a tace ta a mayar gindin katanga inda ruwa ya zaizaye.

Asabar, 12 ga Afrilu

An haƙa ramin taki a bayan garke. Na so zurfinsa ya kai ƙugu, amma duk wanda ya san garin nan ya san kan dutse muke zaune. Mai haƙar bai wuce gwiwa ba diga ta fara tartsatsi. Muka bar shi haka, tsawo taku biyu, faɗi taku ɗaya da rabi, muka ɗaga gefensa da tubalin ƙasa jeri biyu. Ladansa jika 3, tubali jika 1.

Wani dattijo mai lambu daga Mirya, wanda ke kawo mini albasa da tumatir, shi ya nuna mini jerin. Karan gero da aka sassare a ƙasa don iska ta samu hanya, sai busasshen ganye, sai ragowar kicin, sai kashin awaki, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake daga farko. Ya ja mini kunne kan toka, ya ce in ta yi yawa tana korar ƙarfin taki. Ya kafa wata sanda a tsakiya ya ce, "Ɗiyata, wannan ita ce likitarki. Bayan kwana huɗu ki zaro ta. In da zafi da danshi, aiki na tafiya. In ta fito da sanyi, ki neme ni."

Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri."

Laraba, 16 ga Afrilu

Sanda ta fito da ɗumi kaɗan. Robobin lemo 40 na wanke, mai zoɓo ta layinmu ta saye, uku dala 5. Gwangwanayen lemo ina tarawa, masu zubin tukwane na saye a kilo.

Laraba, 23 ga Afrilu

Rami ya mutu. Na zaro sanda a bushe ƙamas, na tona da hannu na tarar da ɓawon albasar da na zuba kwana goma da suka wuce yana nan yadda yake, sai dai ya zama kamar takarda. Gara kuma ta shiga karan da ke ƙasa.

Laifin ruwa ne, ko in ce rashinsa. Zafin bana da rana ya wuce digiri 40, iska kuma busasshiya, duk abin da na yayyafa da safe kafin azahar ya tafi. Abin da ke ruɓar da shara ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma ba sa aiki sai da laima. To a Damagaram a watan Afrilu wa ke da ruwan ba rami? Ruwan famfonmu daga wajen gari ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arungusa da Ganaram, kuma in bazara ta yi tsanani sai mu kwana biyu uku famfo bai ɗiga ba. Wannan makon jarka ta tashi daga dala 20 zuwa 30 a wajen ƴan garuwa. Na yi lissafi, in zan ba ramin jarka biyu duk kwana uku, a wata zan kashe jika 3. Maigida ya ce, "Ke da kike son rage kashe kuɗi, yanzu kuma shara za ki saya wa ruwa?" Gaskiyarsa ce, ban ja ba.

Inna, uwar maigida, ita ta warware mini. Tana zaune kan tabarmarta tana jin mu, ta ce, "Ruwan da kuke wanke shinkafa fa, ina kuke kai shi?" Kwata muke zubarwa. Tiya shida nake wankewa kullum, ga ruwan jiƙon wake. Ta ce a ajiye baho a wurin alwala kuma, kowa ya yi a kansa. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo kaɗai ta ce kada a kai.

Yau da yamma na auna: ruwan shinkafa da na wake da na alwalar mutum tara sun cika jarka ɗaya da rabi. Shekara nawa muna zubar da wannan a titi. Na jiƙa ramin sosai, na rufe shi da tsofaffin buhuna da zana, na kafa masa ƴar inuwa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Mako guda ke nan da na fara roƙon masu saye su zo da kwanonsu. Abin bai zo da sauƙi ba. Matan unguwa da ke aiko yara ba su da matsala, dama da kwano aka saba kafin leda ta zo. Almajirai ma da robarsu suke yawo. Masu wuyar su ne ƴan kabu-kabu da leburori da samarin kasuwa, mutumin da ya fito tun asuba a kan babur ina zai sa kwano? Wani ya ce mini, "Hajiya, in ba ki da leda ki faɗa, ga wata can gaba." Ya tafi kuwa. Ranar Jumma'a na yi kwantan kusan tiya guda.

Don haka na sauya dabara. Ban hana leda ba, amma duk wanda ya zo da kwano ina yi masa gyara, cokali guda na wake. Na sayi faranti 12 na silba da benci ɗaya, jika 9 duka, don mai son ci a nan ya zauna ya ci. Mai da yaji kuma a kan abincin nake zubawa sai wanda ya ce a ware masa. Da wannan kaɗai leda uku ta koma biyu ko ɗaya.

Akwai abin da ke damuna a nan. Ƙasar nan tana da doka tun Nuwamban 2014 da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da irin wannan leda marar kauri. Fiye da shekara goma ke nan, amma ka shiga Kasuwar Dole ka gani, ko barkonon dala biyar ka saya a leda za a ƙulla maka. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Ni dai abin da na gani a bakin rumfata shi ne, ba wanda zai bar leda sai an ba shi abin da zai riƙe abincinsa a ciki, kuma mai arha kamarta.

Talata, 6 ga Mayu

Sanda ta fito da zafi, har ba na iya riƙe ƙarshenta. Alhamdu lillahi. Mun juya ramin, na gefe ya koma tsakiya. Mai amalanke yanzu sau ɗaya yake zuwa a mako.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau mun yi kuskure babba, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada wani ya bi sawunmu.

Leda ta taru mini buhu biyar, tawa da wadda yara ke tsintowa a layi. Ƙanena ya nuna mini a wayarsa yadda ake narka ta a gauraya da yashi a zuba a ma'auni ta zama dutsen daɓe. Gaskiya ne ana yi, ledar ce ke zama kamar siminti ta riƙe yashin. Ya ce, "Yaya, in ya yi kyau sai mu daɓe gaban rumfa, har mu sayar." Na ba shi jika 4 ya sayo rabin duro da itace, maƙeri ya yi mana ma'auni ɗaya a jika 2.

Muka hura wuta a bayan gida da hantsi. Da farko ledar ta yi laushi tana narkewa kamar kitse, muka ji daɗi. Can sai wutar ta fi ƙarfi, abin da ke cikin duron ya kama da kansa. Hayaƙi baƙi mai kauri ya turnuƙe, mai wani wari da ke kama maƙogwaro, ba irin na itace ba. Ƙanena ya yi ta watsa yashi har ta mutu, wani ɗigo ya faɗo masa a bayan hannu ya manne da fata. Iska kuma ta juya ta kai hayaƙin ɗakin Inna da gidan maƙwabta, inda akwai mai jego.

Daga buhu biyu na leda mun samu dutse uku. Ɗaya ya fashe da muka cire shi, biyu sun yi ƙarfi. Dutse biyu a jika 6, da ƙuna, da gida cike da hayaƙi. Daga baya na fahimci inda muka ɓata. Ba mu tantance ledar ba, mun haɗa da guntun tiyo da tsohon takalmin roba, kuma irin wannan roba in ta ƙone gubarta ta fi ta leda. Ledar ma ba mu kakkaɓe ta ba, ga maiƙo a jiki. Wutar itace kuma ba a iya daidaita ta, narkewa ake so amma tazarar da ke tsakaninta da ƙonewa kaɗan ce. Wannan aiki na masu wuri ne a bayan gari, da murhun da aka yi don shi da abin rufe hanci. Ba na tsakar gida ba ne, kuma ba zan sake ba.

Talata, 20 ga Mayu

Inna ta kwana biyu tana tari, mun kai ta asibiti, magani jika 3 da rabi. Ta samu sauƙi. Na shiga wajen maƙwabciyata da sabulu da turaren wuta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai Maman yara, amma don Allah a daina, jaririn bai yi barci ba ranar." Na ce an daina. Hannun ƙanena yana warkewa.

Laraba, 28 ga Mayu

Rami ya yi ɗoyi, ƙudaje sun taru, da na buɗe gefe ɗaya na ga tsutsa. Na bincika na gano yarinyar da ke taya ni aiki tana juye ragowar miya da ƙashin kifi a jarkar ruɓewa. Ba laifinta ba ne, ban yi mata bayani ba. Ruwa ma na yawaita tun da na ga ya yi amfani, abin ya caɓe iska ba ta shiga. Mun baje shi a rana rabin yini, muka ƙara busasshen ganye buhu biyu da ɓawon gyaɗa, muka mayar. Yanzu in na damƙi taki a hannu ina so ya dunƙule amma kada ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu. Ragowar tuwo da shinkafa kuma a shanya su a ba kaji, miya da mai ba sa shiga rami.

Talata, 10 ga Yuni

An yi layya lafiya. Rago biyu muka yanka, ɗaya na gida da muka kiwata, ɗaya maigida ya saya a kasuwa saura kwana uku. Na roƙi a bar ni in ga tumbin kowanne. Na gida, wanda tun Afrilu ba ya fita kuma ba leda a garke, cikinsa ciyawa ce zalla. Na kasuwa an ciro masa leda cike da tafi biyu. Na kira yara duka na ce su zo su gani da idonsu. Ƙaramin ya tambaye ni, "Umma, ita ce ta kashe jar akuya?" Na ce ita ce.

Abin da ke cikin tumbi, wanda kowa ke zubarwa a titi ya yi ta wari kwana uku, ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, ba abin da ya fi shi kyau ga taki. Na aika yara gidaje huɗu da bokiti suka karɓo. Da shi na buɗe tsibi na biyu a gefen ramin, a kan ƙasa, don na farko ya kusa nuna ba na son ƙara masa sabo. Tokar gashin layya kuma, wadda ta rage bayan an kewaye wuta da raguna a kan sanduna yini guda, ta cika buhu. Da ita muke goge tukwane yanzu, ana zuba kaɗan a masai don wari.

Gwangwanayen da na tara tun Afrilu na kai wa masu zubin tukwane. Ban karɓi kuɗi ba, na cika jika 1 suka ba ni ƙaramar tukunya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ledar ruwan sanyi daban take da baƙar leda, ta fi kauri kuma girmanta ɗaya. Baba mai lambu ya ce kada in haɗa su, ita tukunyar reno ce. A yanke baki, a huda gindi wuri uku, a cika da yashi kashi biyu taki kashi ɗaya. Yara sun cika 200 cikin kwana biyu, na ba su dala 100 su raba. Mun shuka zogale a 150, dogon yaro a 50. Takin daga gefen rami na ɗiba, inda ya riga ya yi baƙi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ruwan daren jiya ya shiga ramin. Ban yi tunanin damina ba lokacin da na zaɓi wurin, ashe nan ruwan indararo ke bi, ƙasan kuma dutse ne ba ya tsotsewa. Da safe na tarar da taki yana iyo, ruwa baƙi kamar shayi yana malala waje, kuma wannan baƙin ruwan shi ne amfanin takin ke tafiya. Muka kwashe da kwanduna muka tsiba a kan tudu kusa da katanga, muka rufe da tsohon tanti. Na tari bokiti uku na ruwan, na sirka na ba zogale. A ganina kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya salwanta. Da na sani tun farko a kan ƙasa zan yi tsibi, ramin amfaninsa a rani ne kawai.

A waje kuma magudanar layinmu ta toshe, ruwa ya kwanta har bakin ƙofofi. Tun da tsohon masallacin Birni ya faɗi da ruwan farkon Satumbar bara, duk mai ginin ƙasa a garin nan in hadari ya haɗu ba ya barci. Samari suka fito da shebur da manjagara, abin da suka ciro yashi ne da leda, leda, leda. Na ba su abincin rana kyauta. Mutum uku daga cikin matan layi sun tambaye ni yadda ake jarkokin nan huɗu.

Asabar, 12 ga Yuli

Taki ya nuna, wata uku cif. Baƙi ne, yana warwatsewa a hannu, ƙamshinsa irin na ƙasar da ta sha ruwan fari. Na tace shi da rariya, abin da bai ruɓe ba ya koma tsibi na biyu. Na samu buhu huɗu da rabi. Baba mai lambu ya damƙa ya sunsuna ya ce, "Ya yi, ɗiyata." Ya ɗauki biyu a bakin albasa, maigida zai kai biyu gona a zuba gindin gero.

Lissafi daga 5 ga Afrilu. Na kashe jika 4 a rami, 9 a faranti da benci, 6 a aikin narka leda, 3 da rabi a maganin Inna, 1 cikon tukunya, rabi ladan yara, duka jika 24. Kuɗin leda da nake kashewa dala 100 kullum ya koma 60, wato ragin jika 6 a wata, amma gyaran wake yana cin kusan rabinsa. Mai amalanke ya ragu da jika 1 a wata. Robobi sun kawo jika 1 da ɗoriya. Ban mayar da kuɗina ba tukuna, sai wajen Oktoba in Allah ya yarda.

Talata, 22 ga Yuli

Zogale 118 suka tsira, dogon yaro 31, sauran ruwa ya kashe ko kaji sun tsattsage kafin in kewaye su da ƙaya. Ina so in fitar da su bakin rumfa kafin 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, zogale dala 20, dogon yaro dala 30. Wanda ya saya zan roƙe shi ya dawo mini da ledar bayan ya dasa.

Baƙar leda ce har yanzu ban san yadda zan yi da ita ba. Buhu bakwai ke jibge a zaure. Ba na ƙonawa, ba mai saye, in na ba mai amalanke kuma juji zai kai iska ta dawo da ita. Inna ta ce a da da baƙar leda ake cusa matashin zama, za mu gwada da wadda aka wanke ta bushe, ko buhu biyu su ragu. Ranar Alhamis zan je ma'aikatar magajin gari ta da'irarmu in tambaya ko akwai inda ake karɓa. Tela kuma ya ce zai ɗinka mini jakunkuna 20 daga buhunan shinkafar da na tara, dala 15 kowace, in ba ƴan kabu-kabun da suka fi zuwa su rataya a babur da ƴar roba mai murfi a ciki. Tsibi na biyu za a juya shi jibi.